BABI NA UKU: TSUFA DA MAKARƁAN SAƘO NA ƘWAƘWALWA, TARE DA WAIWAYEN TSOFAFFIN BIRNIN KEBBI DA ARGUNGU

3.0 Gabatarwa

A ƙasar Kabi, kamar yadda yake a sauran sassan ƙasar Hausa, idan dattijo ya fara yawan mantuwa, ko hannunsa ya soma karkarwa, ko ya kwana yana sambatu, akan tattara abin gaba ɗaya a ce gigin tsufa ne, a kuma rungumi ƙaddara. Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa abubuwa uku ne mabambanta suke fakewa a ƙarƙashin wannan suna guda. Na farko shi ne sauyin da shekaru suke kawo wa ƙwaƙwalwar kowane mai lafiya. Na biyu cuta ce ta musamman, kamar cutar Alzheimer da cutar Parkinson. Na uku kuwa illa ce ta magani ko guba, wadda takan gushe idan an gano ta da wuri. Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne wasu ƙananan sassa da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda a wannan nazari aka kira makarɓan saƙo.

Saboda haka, za a fara bayyana ma'anar makarɓi da yadda yake aiki, sannan a duba abin da masana suka gano game da raguwarsa a lokacin tsufa, da kuma dalilan raguwar. Daga nan sai a waiwayi Birnin Kebbi da Argungu, domin a ga yadda wannan ilimi ya shafi abubuwan da tsofaffin yankin suke ci, suke sha, da waɗanda suke mu'amala da su a fadama da gulbi.

3.1 Ma'anar Sinadarin Saƙo da Makarɓinsa

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan siririn rata a tsakaninsu wanda faɗinsa bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wannan wuri shi za a riƙa kira mahaɗa. Saƙo yana tafiya cikin ƙwayar jijiya a matsayin lantarki, idan ya kai ƙarshenta sai ta saki wani sinadari, ya haye ratar, ya sauka a kan wani furotin da ke jikin fatar ƙwaya ta gaba. Sinadarin da ya haye shi ne sinadarin saƙo, furotin ɗin da ya tarbe shi kuwa shi ne makarɓi.

Ana iya kwatanta wannan da aikin fito a gulbin Kabi. Mai jirgi yakan ɗauko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, amma aikin ba ya kammala sai an sami masu karɓar kayan a bakin gaɓa. Idan masu karɓa suka yi ƙaranci, jirgi zai iso da kayansa cif, amma abin da zai shiga gari kaɗan ne, kuma a makare.

John Langley na Jami'ar Kambirij a Ingila ne ya kawo ra'ayin samuwar makarɓi a shekarar 1905, bayan ya yi gwaji da nikotin a kan tsokar dabbobi. A shekarar 1921 kuma Otto Loewi ya yi amfani da zukatan kwaɗi a birnin Graz na Ostiriya ya tabbatar da cewa jijiya tana aika saƙonta ta hanyar sinadari. Sinadarin da ya gano shi ne asetilkolin, kuma shi da Henry Dale suka sami lambar Nobel a 1936. Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi, domin daga waken Kalaba aka tace sinadarin fisostigmin a 1864, wanda Loewi ya nuna a 1926 cewa yana hana enzayim ɗin da ke wargaza asetilkolin yin aikinsa.

Makarɓai iri biyu ne. Akwai masu aiki kamar ƙofa, waɗanda da zarar sinadari ya sauka a kansu sai su buɗe, ƙwayoyin gishiri su kwarara ciki cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Akwai kuma masu aiki a hankali, waɗanda suke tayar da jerin sauye-sauye a cikin ƙwayar. Wani abin lura shi ne, makarɓi ba dawwamamme ba ne. Kullum ƙwaya tana cikin ƙera sababbi da janye tsofaffi. Idan sinadari ya yi yawa takan rage makarɓai, idan ya yi ƙaranci takan ƙara su. Wannan iya daidaitawa tana cikin abubuwan da tsufa yake raunanawa.

3.2 Sauyin da Tsufa Yake Kawowa

A da masana sun ɗauka cewa raunin tunanin tsoho ya samo asali ne daga mutuwar ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa. Ƙidayar da Pakkenberg da Gundersen (1997) suka yi a Danmak ta nuna cewa abin da ɓawon ƙwaƙwalwa yake rasawa tsakanin shekara 20 da shekara 90 bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Haka kuma Morrison da Hof (1997) sun nuna cewa a tsufa na lafiya, babban sauyin yana faruwa ne a mahaɗai da makarɓai. Wato ke nan ƙwayoyin suna nan da ransu, hanyar sadarwarsu ce ta yi rauni.

An sami damar auna wannan a jikin mutum mai rai ne bayan ƙirƙiro na'urar PET. A 1983 Henry Wagner da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka fara ɗaukar hoton makarɓan dofamin na mutum rayayye. Shekara ɗaya bayan haka, Wong da abokan aikinsa (1984) suka nuna cewa makarɓan dofamin da na serotonin suna raguwa gwargwadon ƙaruwar shekaru.

3.2.1 Makarɓan Dofamin

Dofamin shi ne sinadarin da ke kula da saurin motsi, da himma, da riƙe abu a zuciya na ɗan lokaci, kamar lissafin canji a kasuwa. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya tabbatar da matsayinsa a ƙarshen shekarun 1950. Manyan makarɓansa su ne D1 da D2. Karrer da abokan aikinta (2017) sun tattara sakamakon bincike 95 da aka yi a kan mutane masu lafiya 2,611, suka ga cewa makarɓan dofamin da kafofin da ke mayar da shi cikin ƙwaya suna raguwa da kashi 3.7 zuwa kashi 14 cikin 100 a kowace shekara goma, gwargwadon irin makarɓin da sashen ƙwaƙwalwar da aka auna. Alal misali, idan aka ɗauki kashi 7 aka lissafa, mai shekara 70 ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na makarɓan da yake da su yana ɗan shekara 20. Abin mamaki shi ne, wannan nazari bai ga wata raguwa ta a-zo-a-gani ba a ƙarfin ƙera dofamin ɗin kansa. Idan aka koma ga misalin fito, kaya suna isowa, masu karɓa ne suka ragu.

Volkow da abokan aikinta (1998) sun nuna cewa mutanen da makarɓan D2 nasu suka fi raguwa su ne suka fi nawa wajen motsa yatsu da kuma sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. Wannan shi ya sa tsohon masunci zai fi kowa sanin inda giwan ruwa take kwana, amma saurin jefa homa ya bar wa 'ya'yansa.

3.2.2 Makarɓan Asetilkolin

Asetilkolin yana da muhimmanci ga mai da hankali da kuma adana sabon abu. Makarɓansa iri biyu ne: masu amsa nikotin, da masu amsa muskarin, wato wani sinadari da ake samu a wani nau'in naman kaza. Masu amsa nikotin suna raguwa a hankali a tsufa na lafiya. Drachman da Leavitt (1974) sun yi wani gwaji mai muhimmanci ga wannan nazari. Sun ba wa matasa masu lafiya sinadarin sikofolamin, wanda yake toshe makarɓai masu amsa muskarin, sai suka ga mantuwar da ta same su ta yi kama da ta tsofaffi. Wannan ne ya share fage ga ra'ayin da Bartus da abokan aikinsa (1982) suka gabatar, cewa raunin tsarin asetilkolin yana da babban kaso a mantuwar tsufa.

3.2.3 Makarɓan Serotonin

Serotonin ya shafi walwala da barci da sha'awar abinci. Daga cikin makarɓansa, wanda ake kira 5-HT2A yana cikin waɗanda suka fi saurin raguwa a duk ƙwaƙwalwa, kuma raguwar ta fi ƙarfi tsakanin samartaka da shekara hamsin, daga nan sai ta lafa. Shi kuwa 5-HT1A bai cika raguwa sosai ba. Wannan ya nuna cewa tsufa ba ya taɓa makarɓai daidai wa daida, kuma yana fara aikinsa tun kafin furfura ta bayyana.

3.2.4 Makarɓan Gulutamet da GABA

Gulutamet shi ne babban mai zaburar da ƙwayoyin jijiya, GABA kuwa shi ne babban mai kwantar da su. Ana iya cewa ɗaya ƙaimi ne, ɗaya linzami. Daga cikin makarɓan gulutamet, wanda ake kira NMDA shi ne ginshiƙin koyo, domin ta hanyarsa mahaɗa take ƙara ƙarfi idan an yi ta amfani da ita. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa wani ɓangare na wannan makarɓi mai suna GluN2B yana raguwa da tsufa. A 1999 Joe Tsien da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton sun samar da ɓeraye masu yawan wannan ɓangare, sai aka ga sun fi 'yan'uwansu saurin koyo.

Dangane da GABA kuwa, abin da ya fi fitowa fili shi ne yadda ƙwaƙwalwar tsoho take amsa magungunan da ke aiki a kan makarɓansa. Castleden da abokan aikinsa (1977) sun ba matasa da tsofaffi maganin barci mai suna nitarazefam daidai gwargwado. Yawan maganin a jininsu bai bambanta ba, amma tsofaffin sun fi yin kurakurai a gwajin da aka yi musu daga baya. Ke nan bambancin yana cikin ƙwaƙwalwar kanta.

3.3 Dalilan Raguwar Makarɓai

Masana sun kawo dalilai da dama, amma huɗu sun fi ƙarfi. Na farko shi ne lahanin da iskar oksijin take bari. Ƙwaƙwalwa kimanin kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki yake amfani da shi. Wannan ƙonewa tana barin wasu ɓurɓushi masu cin furotin da kitsen fatar ƙwaya, kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Ƙwayoyin dofamin sun fi shan wahala, domin wargaza dofamin ɗin kansa yana haifar da irin waɗannan ɓurɓushi, kuma enzayim ɗin MAO-B da ke wargaza shi yana ƙaruwa da shekaru.

Dalili na biyu shi ne raguwar ƙera sababbin makarɓai. Lu da abokan aikinsa (2004) a Jami'ar Harvard sun nuna cewa daga shekara 40 zuwa sama, ƙwayoyin gadon da ke ba da umurnin ƙera kayan mahaɗa suna rage aiki a sashen goshi na ƙwaƙwalwa. Na uku shi ne zubewar ƙananan rassan da makarɓai suke zaune a kansu, domin idan reshe ya tafi, makarɓansa sun tafi tare da shi. Na huɗu kuwa shi ne lalacewar ƙananan hanyoyin jini sakamakon hawan jini da ciwon suga, wadda take rage abinci da iskar da ke isa ga ƙwayoyin. Wannan dalili na huɗu shi ne wanda ɗan'adam ya fi iko a kansa.

3.4 Bambancin Tsufa da Cuta

Ya kamata a rarrabe tsakanin abin da aka bayyana a sama da cuta. A cutar Parkinson, ƙwayoyin da ke ƙera dofamin a wani ɗan gurbi mai duhun launi a gindin ƙwaƙwalwa su ne suke mutuwa. Fearnley da Lees (1991) sun nuna cewa mai lafiya yana rasa kusan kashi 5 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyi a kowace shekara goma, amma alamomin cutar suna bayyana ne bayan an rasa kusan rabinsu. A farkon cutar makarɓan D2 suna nan, wani lokaci ma sukan ƙaru. Wannan shi ya sa maganin lebodofa yake aiki, domin yana kawo kaya ne ga masu karɓa da suke zaune suna jira. Ashe ke nan cutar Parkinson da tsufa na lafiya sun sha bamban tun daga tushe.

A cutar Alzheimer kuwa, Davies da Maloney (1976) sun gano cewa enzayim ɗin da ke ƙera asetilkolin ya ragu ƙwarai. Magunguna irin su donefezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, suna aiki ne ta hanyar da sinadarin waken Kalaba yake bi, wato suna hana wargaza ɗan asetilkolin ɗin da ya rage. Suna sassauta alamomi na wani lokaci, ba sa tsayar da cutar.

Alƙaluman Nijeriya sun tabbatar da cewa gigin tsufa na cuta ba makomar kowane tsoho ba ne. A binciken haɗin gwiwa da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Hugh Hendrie da Farfesa B. O. Osuntokun, an ga cewa kashi 2.29 cikin 100 na Yarabawan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama ne suke da cutar, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar Indiyanafolis adadin ya kai kashi 8.24. A Zariya kuma, Yusuf da abokan aikinsa (2011) sun sami kashi 2.79 cikin 100. Abin da za a fahimta a nan shi ne, mafi yawan tsofaffi suna kaiwa ƙarshen rayuwarsu da hankalinsu. Don haka idan tsoho ya rikice, musamman idan farat ɗaya ne, wajibi ne a nemi dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

3.5 Halin da Ake Ciki a Birnin Kebbi da Argungu

Birnin Kebbi, wadda ta zama hedikwatar Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, da Argungu, mazaunin Sarkin Kabi, suna bakin fadamar gulbi ɗaya, kuma noman shinkafa da su da kasuwanci su ne manyan sana'o'in jama'arsu. Alƙaluman makarɓai da aka kawo a sama an auna su ne galibi a Turai da Amurka da Japan, amma tsarin aikin makarɓi ɗaya ne a jikin kowane ɗan'adam. Darasin da ke cikinsu shi ne, ƙwaƙwalwar matashi tana da rarar makarɓai da take fakewa da ita idan wani abu ya toshe wasu daga ciki, ita kuwa ta tsoho wannan rara ta yi ƙasa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za a duba hanyoyi uku da ƙadangaren yake shiga a wannan yanki.

3.5.1 Magungunan Kemis

A birni da ƙauye, kemis shi ne zangon farko na mara lafiya, kuma sau da yawa yaro ake aika ya sayo wa kakansa magani ba tare da mai kemis ya ga mai shan ba. Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su kulofeniramin da furometazin, da amitiriftilin da ake bayarwa don ciwon jijiya ko rashin barci, da benzeksol, duk suna toshe makarɓan asetilkolin masu amsa muskarin. Wato suna maimaita gwajin Drachman da Leavitt ne a jikin wanda tsarinsa ya riga ya yi rauni. Sakamakon shi ne bushewar baki, da tsayawar fitsari, da ruɗewa. Daɗin daɗawa, waɗannan magunguna suna rage gumi, abin da yake da hatsari a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki yake haura digiri 40.

Rukuni na biyu shi ne masu toshe makarɓan D2, kamar metokulofiramid da ake sha don amai, da kulofuromazin da haloferidol da ake ba masu taɓin hankali. A jikin tsohon da ya riga ya rasa kaso mai yawa na makarɓansa, waɗannan sukan haifar da sandarewar jiki da karkarwa da jan ƙafa, har a zaci cutar Parkinson ce. Yawanci alamomin sukan ja baya cikin makonni ko watanni idan likita ya tsayar da maganin.

Rukuni na uku shi ne magungunan barci irin su dayazefam. A nan matsalar biyu ce. Baya ga ƙarin amsawar ƙwaƙwalwa da aka ambata, Klotz da abokan aikinsa (1975) sun nuna cewa lokacin da jiki yake ɗauka kafin ya fitar da rabin wannan magani yana tashi daga kimanin awa 20 a ɗan shekara 20 zuwa kimanin awa 90 a mai shekara 80. Tsohuwar da take shan ƙwaya ɗaya kowane dare tana tara ta jiya a kan ta shekaranjiya. Idan ta tashi alwalar asuba jiri ya ɗebe ta ta faɗi, karayar ƙugu tana iya kwantar da ita har ƙarshen rayuwarta. Tun a 1991 Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ambata a nan suna cikin jerin da ake sabuntawa har yau.

3.5.2 Zaƙami da Goro da Taba

Zaƙami, wanda wasu suke kira haukata-yaro ko babba-jibji, yana tsirowa a juji da bayan gari, kuma yana ɗauke da sikofolamin da atirofin, wato ainihin sinadaran da ke toshe makarɓan asetilkolin. Akan yi amfani da shi a wasu haɗe-haɗen gargajiya, kamar hayaƙin asma. Ƙarfinsa yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, don haka babu awo tabbatacce, kuma abin da zai sa matashi maye yana iya jefa tsoho cikin ruɗewa mai tsanani.

Goro kuwa tsohon abokin dattawan Kabi ne, domin kasuwar Jega ta kasance babban zango a kan hanyar fataken Gwanja tun ƙarni na 19. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana toshe makarɓan adenosin, wanda shi ne yake taruwa a ƙwaƙwalwa da rana ya jawo barci da dare. Rabin kafeyin yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar. Tun da barcin tsoho dama ba shi da nauyi, goron bayan la'asar yakan ƙara wargaza shi. Daga nan sai a nufi kemis neman maganin barci, a faɗa cikin matsalar da aka bayyana a sama. Mayar da cin goro zuwa safiya ya fi wannan sauƙi da arha. Ita kuwa taba, ta sha ce ko ta shaƙe ko ta taunawa, tana zaburar da makarɓai masu amsa nikotin na ɗan lokaci, amma tana lalata hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa.

3.5.3 Magungunan Feshi

Noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, da buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Noman rani da na damina duk suna tafiya da feshi. Magungunan ƙwari na rukunin oganofosfet, kamar daikulobos wanda aka fi sani da fiya-fiya, suna kashe ƙwaro ne ta hanyar hana wargaza asetilkolin, kuma haka suke yi wa mutum. Sinadarin yakan taru a kan makarɓai, ya jawo dalala da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa idan aka daɗe ana haɗuwa da su, ƙwayoyi sukan rage makarɓansu masu amsa muskarin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da manyan kantuna.

Game da maganin ciyawa, Tanner da abokan aikinta (2011) sun gano cewa manoman Amurka da suka yi amfani da farakwat sun fi waɗanda ba su yi ba kamuwa da cutar Parkinson da kusan ninki biyu da rabi. Haka kuma sinadarin linden, wanda aka sani da gamalin, kuma aka sha zuba shi a kogunan Afirka ta Yamma don kama kifi, yana toshe makarɓan GABA, har yakan jawo farfaɗiya. An sanya shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Sitokhom ta haramta a 2009. Dattijon da yake feshi babu takunkumi, ko yake kwana a ɗakin da aka ajiye jarkokin magani, yana ƙara wa ƙwaƙwalwarsa kaya a kan na shekaru.

3.6 Matakan da Suka Dace

Babu wani magani da aka tabbatar yana mayar da makarɓan da tsufa ya rage, amma akwai abubuwan da suke kare abin da ya saura. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gigin tsufa suna da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji da na gani, da rashin motsa jiki, da kaɗaici. Erickson da abokan aikinsa (2011) sun nuna cewa tafiyar ƙafa a kai a kai na tsawon shekara ɗaya ta ƙara girman sashen adana tunani da kimanin kashi 2 cikin 100 a jikin tsofaffi. A nan al'adar yankin tana da abin yabo, domin dattijon da yake takawa zuwa masallaci da gona, yake zama a majalisa, ake kuma neman shawararsa, yana samun motsi da hulɗa a lokaci guda. Hana shi fita da sunan hutu ba gata ba ne.

Ga iyalai, abin da ya fi muhimmanci shi ne lura da yadda rikicewar ta fara. Wadda ta zo a hankali cikin shekaru daban take da wadda ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta biyun tana bukatar asibiti nan take, domin magani ko zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki suna iya jawo ta. Yana da kyau a tattara duk abin da tsohon yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a kai wa likita ya gani da idonsa. Akwai Babban Asibitin Argungu, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, sannan ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ga masu bukatar ƙwararru. Ga ma'aikatan lafiya da masu kemis kuwa, ƙa'idar ba tsoho magani ita ce a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a kuma tambayi shekarun mai sha kafin a miƙa wa ɗan aike.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa tsufa na lafiya bai cika kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba, abin da yake yi shi ne rage makarɓan saƙo da raunana iya daidaita su, kuma raguwar ta bambanta daga makarɓi zuwa makarɓi. An nuna cewa wannan daban yake da cutar Parkinson da cutar Alzheimer, waɗanda suke kama kaɗan daga cikin tsofaffi. Daga ƙarshe an ga yadda ƙarancin makarɓai yake sa maganin kemis da zaƙami da goro da maganin feshi su yi wa tsohon Birnin Kebbi ko Argungu tasirin da ba sa yi wa ɗansa. Bisa ga haka, ana iya cewa kalmar gigin tsufa ta yi faɗi da yawa, kuma kafin a yanke wa dattijo wannan hukunci ya kamata a fara tambayar abin da ya sha da kuma lokacin da abin ya fara.